Manhajata tana rikicewa da lamba ta wuce 256

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta ƙaramar manhaja da yaren kwamfuta na Python, ina amfani da `is` wajen kwatanta lambar da mutum ya shigar da wadda na ajiye. Da ƙananan lambobi komai lafiya lau, amma da aka shigar da 300 sai ta ce lambobin ba ɗaya ba ne. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kai ne ka jingina da abin da yaren bai taɓa yi maka alkawarinsa ba. Aikin `is` shi ne duba ko abubuwa biyu abu guda ne a wuri guda cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ruwansa da ko ƙimarsu ta zo daidai. Abin da ya rufa maka asiri a baya shi ne, CPython, wato nau'in Python da yawancin mutane ke amfani da shi, yakan tanadi lambobi daga -5 zuwa 256 tun daga tashinsa domin sauri, saboda haka duk 7 ɗin da ka kira, waccan ta ajiye ɗin ce ake miƙo maka, amma 300 da aka shigar ba ta cikin tanadin, sabuwa aka ƙirƙira mata daban da taka. Ka rubuta `int("256") is int("256")` za ka ga `True` (gaskiya), ka mayar da su 257 ka ga `False` (ƙarya).

Wani lokaci irin wannan ɗabi'a takan samu shiga ƙa'ida daga baya. A Python 3.6 na shekarar 2016, `dict`, wato ma'ajin da ke haɗa kowace ƙima da mabuɗinta, ya fara riƙe abubuwa bisa jerin da aka zuba su, amma masu yaren suka ja kunne cewa kada a dogara da hakan, sai a 3.7 na 2018 aka tabbatar da shi a hukumance. Waɗanda suka yi gaggawar dogara da shi sa'a ce kawai ta fisshe su. Masu yaren Go kuwa, wani yaren kwamfuta daban, da gangan suka sa jerin `map`, takwaran `dict` a can, yake sauyawa daga zagaye zuwa zagaye don kada kowa ya saba da shi, kuma ni dai dabararsu ta fi kwanta mini a rai.

Ka mayar da kwatancenka zuwa `==`, wanda ke duba ko ƙimar ta zo daidai, ka bar `is` ga abubuwa irin su `None`, alamar babu komai. Idan kuma wata rana dole ta sa ka dogara da ɗabi'ar da takardun yaren ba su lamunta ba, ka killace ta a wuri guda, ka rubuta sigar Python ɗin da ka gwada ta a kai, sannan ka haɗa mata gwajin da zai fallasa ta ranar da ka sabunta.