Yara na kwafe tablo amma ba sa iya karatu da rubutu da Ingilishi: ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da Ingilishi a wani kolej a nan Damagaram, ina riƙe da sankiyam (aji na biyu na kolej) biyu da katiriyam (aji na uku) ɗaya, kowane aji ya haura yara saba'in. Suna kwafe tablo tsaf, suna haddace dokokin nahawu, amma in na ce su karanta ɗan sakin layi su faɗi abin da ya ƙunsa, ko su rubuta jimla biyar daga kansu, sai a yi tsit. Ba mu da ɗakin karatu, littafin darasi ma yara uku ke tarayya a ɗaya. An ce zane da waƙa da wasan kwaikwayo na taimakawa, amma ina tsoron su cinye lokacin shirin BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da karatu, kuma da rubutu mai sauƙi ƙwarai, wanda kai kanka za ka ga kamar ya yi musu arha. Yaron da ke gabanka ya tashi da Hausa, ko Barbarci ko Fulatanci, ya yi shekara shida a lakwal da Faransanci, sai a siziyam, ajin farko na kolej, ya fara cin karo da Ingilishi. In ya fita aji ba ya jin sa a gida. Ke nan duk Ingilishin da idonsa ke gani a mako bai wuce abin da ka rubuta a tablo ba, kuma yawancinsa misalan doka ne, jimloli ɗai-ɗai marasa labari. Wanda bai taɓa karanta labari ya fahimta ba, da wuya ya rubuta nasa.

Ga ma'aunin sauƙi. Ka ƙirga kalma ɗari a rubutun, ka ba yaro matsakaici ya sa alama a kan waɗanda bai sani ba. In sun wuce biyar, wannan rubutun na darasi ne da kai za ka jagoranta. Na karatun da yaro zai yi da kansa, biyu ko uku ne daidai. A nan malamai da yawa ke tuntuɓe: sai su ɗauko shafi daga tsohuwar jarrabawar BEPC su ba ɗan sankiyam, ya kafe a layi na biyu, daga ranar ya yanke wa kansa cewa Ingilishi ba nasa ba ne.

Tunda babu littattafai, ka yi katunan karatu. Rabin farar takarda ya isa kati ɗaya. A manna a jikin kwali, a sa a leda saboda zufa da ƙurar hunturu, a rubuta lamba a kusurwa. Ɗan sankiyam kalma 70 zuwa 100, ɗan katiriyam 120 zuwa 150. A bayan katin tambaya uku kawai: biyu amsarsu na cikin rubutun, ta uku ta nemi ra'ayin yaron. Yara saba'in da ƴan kai in suka zauna bibbiyu, kati 40 ya wadatar. Minti goma a farkon awa, sau biyu a mako, kowane biyu su karɓi katin da ba su taɓa gani ba, su rubuta lambarsa a shafin ƙarshe na kaye. Haka katunan za su kai mako ashirin, kusan daga Oktoba zuwa Maris in an cire hutu, kuma ɗan sankiyam zai karanta kalma kusan dubu uku zuwa dubu huɗu da ba ya cikin littafin darasi. Kada ka rubuta arba'in ɗin kai kaɗai. Malamai huɗu, kowa goma, sai a riƙa musayar kwali tsakanin azuzuwa. Kuma kada ka ba da maki a kan wannan karatun, don da zarar maki ya shigo, kwafar amsa za ta dawo.

Abin da za a rubuta a katin yana bakin ƙofa: yarinyar da aka aika kasuwar Dole ta ɓatar da canji, hawan Sallah a ƙofar fadar Sultan, mai shayi da ke bin bashi, tarihin garin a taƙaice har zuwa 1926 da aka mai da babban birni Yamai. In yaro ya san wurin, rabin fahimta ta samu, sauran ƙarfinsa sai ya koma kan kalmomi. Akwai kuma wata dama da ƴan Damagaram ke da ita: kayan da ke shigowa daga Kano, kwalin biskit, ledar taliya, gwangwanin madara, da Ingilishi aka rubuta jikinsu. Bayanin yadda ake dafa taliya a bayan leda darasin umarni ne cikakke, da *boil* da *add* da *stir*. Ka sa kowa ya kawo guda. Haka nan ka tuna musu cewa likita, tela, mota, bokiti, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su.

Rubutu kuma hawa uku ne, ba a tsallake na tsakiya. Da farko samfuri a tablo, jimla biyar ko shida, a karanta tare. Sannan a goge sunaye da wurare da lokuta, kowa ya cike da nasa. A zama na gaba a goge duka, a bar tambayoyi masu ja-gora: wa, ina, yaushe, me ya faru, yaya aka ƙare. Tatsuniya ta fi komai dacewa da shuɗaɗɗen lokaci. Yaro ya riga ya san abin da Gizo ya yi wa Ƙoƙi, bai buƙatar ƙirƙirar labari, *went* da *said* da *took* kaɗai zai nema.

Wajen gyara ne aikin ke mutuwa. Kaye saba'in da jan biro a kowane layi, kai ka gaji, yaro ya duba makin ya rufe. Ka karɓi kaye ashirin a mako bi da bi, kuma ka sanar tun farko kuskure ɗaya da za ka duba a wannan aikin. Ka ja layi ƙarƙashinsa, ka bar yaron ya gyara da kansa. Kura-kuran yaranmu sanannu ne, kuma kowanne da asalinsa. *Audu he went* daga "Audu ya tafi" ya fito, domin Hausa na maimaita mai aikin. *I have thirteen years* Hausa da Faransanci ne suka taru suka haife shi. Rashin *s* a ƙarshen kalma daga Faransanci ne, inda ake rubuta shi ba a furtawa, don haka sai an sa kunne ya ji shi kafin hannu ya saba. Rikicin *his* da *her* ma Faransanci ne ya kawo shi, tunda can abin da aka mallaka ake dubawa. A nan Hausa ce gajeriyar hanya: gidansa, gidanta, daidai da Ingilishi. Minti ɗaya na bayani da Hausa ya fi rabin awa da Faransanci, kuma ba laifi ba ne.

Tsoronka game da zane da wasa yana kan hanya, domin ana iya ɓata awa guda ana fenti ba a furta kalmar Ingilishi ɗaya ba. Sharaɗin shi ne kowane aikin fasaha ya bar rubutu a kaye. A naɗe takarda gida huɗu, a zana labari hoto huɗu a gida, a aji a rubuta jimla biyu ƙarƙashin kowane hoto. Ko a zano adon bangon gidajen Birni, a kwatanta shi da sunayen launi da siffa, nan ne za su saba sa siffa kafin suna. Zanen aikin gida ne, lokacin aji na harshe.

Wasan kwaikwayo kada ya wuce minti uku: yara biyar, layi goma sha biyu, su da kansu suka rubuta, kai ka duba kafin su haddace, in ba haka ba kuskuren za su haddace. Ciniki a kasuwa, mara lafiya da likita, ɗalibin da ya makara. Masu kallo su sami aiki, misali su rubuta kuɗin da aka sallama kayan, don in aka bar yara sittin zaune haka nan, hayaniya ce za ta biyo baya. Mai kunya a ba shi karanta gabatarwa daga takarda.

Waƙa kuwa amfaninta nauyin gaɓa. Ingilishi na danna gaɓa ɗaya a kalma ya sassauta sauran, abin da kunnen da ya saba da karin sautin Hausa bai kula da shi. Baituka huɗu da tafi a kan gaɓar da ake dannawa sun isa, ba sai da kiɗa ba, wanda hakan ma zai kwantar da hankalin iyayen da ba sa so. A cusa kalmomi masu *p* da *f* kamar *pan* da *fan*, a riƙe ƴar takarda gaban baki: in *p* ya fita daidai za ta yi tsalle.

Batun BEPC, abin da takardar Ingilishi ke nema shi ne a karanta rubutu a amsa tambayoyi, a yi aikin nahawu, a rubuta ɗan insha'i. Katunan da rubutun hawa uku shirin jarrabawar ne kai tsaye. A mako guda, minti ashirin na kati, rabin awa na rubutu, kwata na wasa ko waƙa, sauran na manhaja. Kafin ka fara, ka sa kowa ya rubuta jimla biyar a kan gidansu a warwarar takarda da kwanan wata, ka ajiye. A watan Maris ka maimaita aikin, ka mayar wa kowane yaro takardunsa biyu ya gwama su da kansa, sannan ka ware waɗanda ba su motsa ba ka mai da su kan katuna masu sauƙi na matakin siziyam, masu kalma 40.