Hajiya ta daina fita tun bayan takaba, ƙungiya za ta taimaka mata?

Malama Hadiza, Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kin ce tun da ta gama takaba ba ta son fita, abinci ma sai an lallaɓa ta, kina tambaya ko shiga ƙungiyar mata zai yi amfani.

Zai yi, sosai. Kaɗaici na cin tsoho, yana hana barci da cin abinci, yana kawo ciwon damuwa. Ku fara da makarantar Islamiyyar matan unguwa, irin waɗanda FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, ke gudanarwa a garuruwa da yawa. Tafiyar ƙafa zuwa can motsa jiki ce, ga hira da sa'anninta, wadda ku 'ya'ya ba za ku iya ba ta ba duk son da kuke mata. Ranar da ba ta je ba, wata za ta leƙo da kwanon kunu ta tambaya ko ta sha maganin hawan jini.

Adashi ma ku saka ta, ko da ku za ku riƙa zuba mata.

Kada ku matsa mata dai. Ku roƙi wata ƙawarta ta zo ta ɗauke ta ranar farko. In kuma ramewar ta ci gaba, a kai ta asibiti.