Baduku a Bikin Renesans na Arizona

Tambaya: Anti, ni baduku ne mazaunin Finiks a Amurka. Zan iya kai kayana bikin nan da Turawa ke shigar mutanen da? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ƙanena, za ka iya, amma ba kasuwar da ake zuwa a shimfiɗa tabarma ba ce. Bikin Renesans na jihar Arizona, kusa da Finiks, wanda aka fara a 1989, yana ci ne Asabar da Lahadi daga Fabrairu zuwa Maris, a wani ƙauye da aka gina irin na Turai na ƙarni na 16. Sai ka tura hotunan aikinka tun da wuri an tantance, kuma aikin hannu suke so. Ka nemi lasisin harajin jihar.

Yawancin tufafin da suke sawa ba aljihu, saboda haka ƙananan jakunkunan ɗamara da kube sun fi fita. Manyan tumtum kam, ka bar su a gida. Zauna da basillarka kana ɗinki, mutane su gani. In fatar jar akuyar Sakkwato gare ka, gaya musu ita ce ta ratsa Sahara, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

Da safe sanyi, da rana ƙura. Ka je da bargo da mayafin rufe kaya.