Me ya sa murya ke zama siririya in an shaƙi iskar hiliyom?

Ɗan'uwa da ka ce ka ga yara a wajen biki a Samaru suna zuƙar iskar balan-balan muryarsu na komawa ƙyas-ƙyas, to ba maƙogwaron ne ya canza ba. Tantanin muryarka yana kaɗawa yadda ya saba, abin da ya canza shi ne iskar da sautin ke ratsawa. Hiliyom, wato iskar da ake cika balan-balan masu tashi sama da ita, ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi kusan sau 7, shi ya sa sauti ke gudu a cikinta wajen mita 1,000 a sakan ɗaya, a iskarmu kuwa mita 343 ne kawai, sai kogon baki da maƙogwaro su riƙa ƙarfafa siraran sautuka su danne masu kauri. Kamar goge ne, tsirkiya ɗaya amma ka sauya ƙoƙon da ƙarami, ai amon sai ya bambanta.

Amma don Allah a hana yaran nan wallahi abin na damuna. Hiliyom ba guba ba ce, sai dai tana ture oksijin daga huhu, mutum sai ya yanke jiki ya faɗi bai ma ji alamar shaƙewa ba, in daga tukunyar gas ɗin aka zuƙa kai tsaye kuwa ƙarfinta na iya fasa huhu.