Amsa ga ɗan ƙanena kan kaciya da taron suna

Ɗana, saƙonka ya iso, muna taya ku murnar ƙaruwar da aka samu. Allah ya raya yaron, ya ba mai jego lafiya. Ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da wani ɗan'uwa a ƙungiyarku ta addu'a ya faɗa, cewa wajibi ne a yi wa jariri kaciya a rana ta takwas kamar yadda Yahudawa suke yi, kuma wai taron suna da yankan rago ba su dace da mai bin Yesu ba.

Wannan gardama ta girme mu duka, domin ita ce ta kusa raba ikkilisiyar farko. Yesu Bayahude ne, manzanninsa ma haka, kuma kaciyar rana ta takwas alama ce ta alkawarin da Allah ya yi da Ibrahim a Farawa sura 17. Da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, suka fara ba da gaskiya a Antakiya, sai waɗansu mutane suka zo daga Yahudiya suna koyar da cewa duk wanda ba a yi masa kaciya bisa ga al'adar Musa ba, ba zai sami ceto ba. Bulus da Barnaba suka ƙi yarda, har aka kai maganar Urushalima wajen shekara ta 49, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna. A can Bitrus ya kafa hujja da abin da ya gani da idonsa, domin a Kaisariya, a gidan Karniliyus hafsan sojan Roma, Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa marasa kaciya tun ba a yi musu baftisma ba. Yakubu ɗan'uwan Yesu ya yanke shawara kada a ɗora wa al'ummai nauyin Shari'ar Musa, sai dai su guji abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Kaciya ba ta ciki.

Abin da nake so ka lura da shi sosai shi ne yadda Bulus ya bi da samari biyu. Ya yi wa Timoti kaciya, domin mahaifiyarsa Bayahudiya ce kuma za su yi wa'azi a tsakanin Yahudawan da suka san mahaifinsa Baheleni ne, wato Bagirke. Amma bai bari a tilasta wa Titus ba, domin masu neman hakan sun mai da kaciya sharaɗin ceto. Aikin ɗaya ne, niyyar ce ta bambanta. Bishara ta kira Bayahude yana Bayahudensa, ta kira Baheleni yana Baheleninsa, mu ma ta same mu muna Hausawanmu. Kada kuma wannan ya sa ka raina Yahudawa, domin a Romawa sura 11 Bulus ya ce mu rassan zaitun na jeji ne da aka ɗaura a jikin itacensu, saiwar ce take ɗauke da mu.

To, ka yi wa yaron kaciya, domin al'adarmu ce kuma akwai tsabta a cikinta. A zamaninmu wanzami ne yake yi wa yara a taru lokacin hunturu, bayan sun yi wayo. Yanzu asibiti ya fi, kuma ranar da likita ya ga ta dace ita ce ranarta. Suna kuwa ku yi shi bayan mako kamar yadda muka gada, fasto ya yi addu'a, a raɗa suna, a ci a sha. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaura wa jariri laya ko zuba wa iskoki jini, ko da wata tsohuwa ta matsa muku. Game da ragon, ka kira maƙwabcinka Musulmi ya yanka, domin dangin matarka da mutanen unguwa su ci hankali kwance. Ni da innarka za mu iso tun jajibiri, in Allah ya yarda.

Baffanka.