Iyafis mai araha ga mai sauraron kiɗan metal

Ɗana, ka tambaye ni wane iyafis za ka miƙa wa matashin nan da ya ce kiɗan metal yake ji, kuma kuɗin da ke hannunsa ba su da yawa. Ka ce ka ba shi wanda ya fi kowanne bes a teburin, ya sa a kunne, ya cire ya ce jita ta ɓace masa. Gaskiya ya faɗa maka, kunnensa lafiya lau yake.

Mu a kasuwa mun saba da cewa iyafis mai kyau shi ne wanda ke dukan kunne dum-dum, domin yawancin masu saye abin da suke tambaya ke nan. Metal ba haka aka gina shi ba. Kiɗa ne da ya taso a Birmingham ta Ingila wajen 1970, kuma ƙashin bayansa jita ce ta lantarki da ake ƙure wa na'urar ƙara sauti har muryarta ta yi kaushi. A kan wannan sai ka ɗora jitar bes, da mai ganguna da ke buga babbar gangar ƙasa da ƙafa biyu cikin tsananin sauri, da faya-fayan ƙarfe da ake kaɗawa a sama, da mawaƙi da ke ɗaga murya. Duk a lokaci ɗaya. Aikin iyafis shi ne ya raba su, kowa a ji shi a wurinsa.

Ga inda matsalar take. Igiya mafi kauri a jitar bes tana sauka zuwa wajen 41 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), ta jitar lantarki kuma wajen 82 Hz, kuma masu metal da yawa suna sassauta igiyoyinsu su ƙara sauka ƙasa. Ke nan gangar ƙasa da bes da gindin muryar jita duk suna cunkushe a wuri ɗaya. Iyafis ɗin da ka ba shi ya kumbura sauti tsakanin 100 zuwa 300 Hz, sai wannan kumburin ya danne duk abin da ke kusa da shi, kamar miyar da aka cika wa daddawa, ba ka ƙara jin ɗanɗanon komai sai ita. Idan mai ganga ya yi gudu da ƙafa biyu, maimakon ka ji kowane bugu daban, sai ka ji rugugi ɗaya dogo. Abin da mai metal ke so shi ne bes da ke bugawa ya tsaya cak.

Kada kuma ka gudu daga wannan ka faɗa wa ɗaya ɓangaren. Ramin kunnen ɗan Adam da kansa yana ƙara wa sautin da ke wajen 3,000 Hz ƙarfi, kuma kaushin jitar metal a nan kusa yake zaune. Faya-fayan ƙarfen kuma suna can sama da haka. Iyafis mai araha da aka yi wa kaifi fiye da kima zai burge mai saye a minti na farko, ya ce yana jin komai tangaran. Bayan rabin awa kunnensa zai fara zafi. Ƙari a kan haka, waƙoƙin metal da yawa tun daga ɗakin naɗa ake matse su don su yi ƙara, ba su da wurin da kunne zai huta. Ni idan zan zaɓa, gara wanda samansa ya ɗan lafa da wanda ke soka.

Rubutun jikin kwali kada ya ruɗe ka. Kowane kwali zai ce 20 zuwa 20,000 Hz, wannan iyakar jin ɗan Adam ce kawai, ba ta gaya maka yadda aka daidaita sautin ba. Haka ma yawan 'yan lasifikan da ke ciki. Za ka ga an rubuta huɗu ko biyar a kowane kunne a kan kuɗi kaɗan, amma guda ɗaya mai milimita 10 da aka gyara da kyau ta fi tarin da ba a haɗa kansu ba.

Idan sunaye kake so: a 2022 kamfanonin Sin sun fito da wasu a kan kusan dala 20 da suka canza wannan kasuwa. 7Hz Salnotes Zero sautinsa a fili yake, bes ɗinsa ba ya da yawa, jita na fita sarai. Tangzu Wan'er ya fi shi ɗumi da laushi, shi zan ba wanda kaifi ke damu. Moondrop Chu II da ya biyo baya a 2023 yana da ɗan ƙarin bugu a ƙasa. Duka ukun igiyarsu na cirewa, da fil biyu masu milimita 0.78, kuma wannan babban abu ne a sana'armu, domin igiya ce ke fara mutuwa, galibi a bakin fulogi. Ka canza igiya, mutum ya ci gaba da jin abinsa.

Yanzu robar da ke baki. Rabin ƙorafin da ake kawo mana na cewa babu bes, roba ce ba ta toshe kunne ba. Ka buɗe kwalin ka sa ya gwada ƙarama da matsakaiciya da babba, har sai hayaniyar kasuwa ta ragu masa kafin ma a kunna komai. Wani kunnensa na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba. Idan har yanzu saman yana damunsa, ta soso tana ɗan rage kaifi. Ka kuma nuna masa ragar da ke bakin bututun, ya riƙa share ta, don dauɗar kunne kan toshe ta har gefe ɗaya ya yi ƙasa, ya zaci ya lalace.

Gwaji kuwa da waƙarsa za ka yi, daga wayarsa, wadda ya haddace. Ka ce ya zaɓi mai sauri, ya gaya maka ko yana iya bin jitar bes daban da ganga. Idan wayar ba ta da ramin iyafis, ka haɗa masa da ɗan adafta na USB-C mai kyau, irin waɗannan iyafis ba sa buƙatar wuta mai yawa.

Kafin ya tafi ka yi masa maganar ƙara, ko da bai tambaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na awa 40 a mako ba tare da ya cutar da kunnensa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Masu metal suna son ƙure murya, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Idan robar ta zauna daidai, ƙarar Keke Napep da janareta za ta ragu sosai, zai ji komai ba tare da ya kai maɓallin ƙarshe ba.