Ga ƙanwata ta Sakkwato mai shirin zuwa Kanada da juna biyu

Salamu alaikum ƙanwata. Kin ce maigidanki ya samu gurbin karatu a wata jami'a a jihar Ontariyo, kina da cikin wata uku, kina tambaya yadda za ki samu likitan iyali da zai riƙa yi miki awo.

Kada ki zo da tunanin yadda aka saba a gida, inda mace za ta wayi gari ta nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin Maryam Abacha, ta yanki kati ta bi layin awo. A nan likitocin iyali sun yi ƙaranci ƙwarai, mutum na iya shafe watanni yana jira. Kuma ba kowanne ke karɓar haihuwa ba. Da yawansu suna duba mace ne zuwa kusan wata bakwai, sannan su miƙa ta ga likitan mata.

Shawarata, ki fara da ungozoma. Ungozomomin nan ƙwararru ne masu lasisi, gwamnatin Ontariyo ke biyansu, kuma suna karɓar duk mazauniyar jihar ko da ba ta da katin OHIP, wato inshorar lafiya ta gwamnatin jihar. Su za su yi miki awo, su tura ki gwajin jini da hoton ciki, su karɓi haihuwar a asibiti. Bayan kin sauka, har gida za su biyo ki su duba ki da jariri, kulawarsu kuma ba ta ƙarewa sai an yi sati shida. Ga wadda za ta yi jego babu uwa babu gwaggo a kusa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kusan dukkansu mata ne, alhali a asibiti likitan da ke bakin aiki ranar naƙuda zai iya kasancewa namiji. Sai dai gurbinsu na cika da wuri, don haka ki tuntuɓi cibiyoyi da dama tun kina Sakkwato.

Kuɗin gadon asibiti daban ne. Ɗaliban waje ba sa samun OHIP, yawancin jami'o'i UHIP suke bayarwa, wato inshorar lafiya ta ɗaliban waje, maigida ya saka sunanki a ciki da zarar kun iso.

Ki taho da katin awonki, da takardar hoton ciki, da sakamakon rukunin jini da na sikila. Allah Ya sauke ki lafiya.